Chindo Caji, Sarkin Ƙasar Rana Biyu

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Malbaza da matacciyar waya ya san rumfar Chindo. Tebur ne guda, igiyoyin caji sun cukurkuɗe a kansa kamar taliya, sai benci, sai kuma shi Chindo, wanda bakinsa ne kaɗai abin da ba ya neman caji a wurin. Kafin wayarka ta ɗauki wuta ka ji yadda ya taɓa tada kamiyo, wato babbar motar siminti, da cokali, da yadda wani babban jandarma ya taɓa tsugunawa yana neman shawararsa. Mutane su sha dariya, su karɓi wayarsu, su ce, "Sai an jima, Chindo Caji."

Wannan suna kuwa ya tsaya masa a maƙogwaro. Shi a nasa ganin don mulki aka halicce shi, sa'a ce kawai ta yi ɓatan kai. Burinsa a duniya bai wuce a kira shi Sarki a bainar jama'a ba, ko da sau ɗaya ne, ba tare da wani ya ƙunshe dariya ba.

Ana nan, wata rana ya ci karo da wani bidiyo na mutanen da ke wasa ta intanet. Mutum ɗaya ya ƙirƙiro ƙasa daga kansa, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikinta; shugaban wasa ya faɗi abin da ya faru, su kuma su faɗi abin da za su yi. Da Faransanci ake bayanin, Chindo kuwa bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Amma ya kama abin da yake nema: in shugaban wasa ya ce an yi ruwa, to an yi ke nan.

Ya rufe rumfa da rana tsaka, ya nufi gida har yana tuntuɓe.

"Zulaiha! Aje rariyar nan. Daga yau ke matar sarki ta."

Zulaiha, matarsa, ba ta ko ɗago kai daga tankaɗe ba. "Wane sarki ya rasu, Maigida?"

"Ba gado ba na. Ƙasa zan yi sabuwa hul."

"To in ka gama ta, ka dubo muna ko akwai itace da araha."

Ya buɗe gurup a Wasap, ya raɗa masa suna Ƙasar Rana Biyu, ya zuba duk lambar da ya taɓa samu a rumfa. Kafin la'asar mafi yawa sun fice ba sallama. Waɗanda suka tsaya su ne Maman, manomi daga Dogarawa. Yusha'u, makiyayi daga Tajaye. Barira mai fura da nono a tasha. Da Malam Nafi'u, na'ibin limamin masallacin tasha. Zulaiha ma ya sa ta, aikinta guɗa duk lokacin da sarki ya yi magana. Don kada su ma su gudu, sai ya raba musu sarauta: wannan Sarkin Noma, wancan Sarkin Shanu, ya kuma naɗa kowannensu admin mai ikon sawa da cirewa, har Zulaiha, wai shi ne rawanin zamani. Da yake yawancinsu ba sa son rubutu, da saƙon murya ake komai.

Chindo ya gyara murya ya danna waya.

"Ya ku jarumai! Kun iso ƙasar da ba a taɓa takawa ba. Rana biyu gare ta, guda na hwaɗuwa guda na hitowa, babu dare har abada. Kogin madara ya ratsa ta. Can bisa dutse akwai dodo mai kai tara yana gadin taska. Ni, Sarki Chindo, na buɗe muku ƙohwa. Mi za ku yi?"

Ya zauna yana jiran a zaro takubba. Saƙon farko na Malam Nafi'u ne.

"Salamu alaikum. Ranakun ga biyu, da wace aka duba azahar? Kuma in azumi ya zo, yaushe za mu sha ruwa, tunda ba a magariba?"

Maman ya biyo baya: "In babu dare, ni ban zama. Mutum shi wuni noma kuma a hana shi kwana?"

Chindo ya share gumi. "To, na kashe guda."

Haka Ƙasar Rana Biyu ta koma mai rana ɗaya tun ba a shiga ba. Sunan dai aka bari, don an riga an sa hoto.

Sai ga Barira da faɗa. "Kai Chindo, madara na gudu kyauta cikin kogi, wa za shi sayi nonona? Kuma da zahin ga, kahin gobe ta yi tsami, gari duka shi ɗauki wari."

"Sarki Chindo," ya gyara mata.

"Ko mi na na. A maida shi ruwa."

Aka maida shi ruwa. Jin an ambaci ruwa, Maman ya farka. Kogin yana da fadama? Akwai. Tudun jigawa ne ko laka? Duk akwai. To yaushe damina ke sauka? Yusha'u ya tambayi ciyawa, Barira ta tambayi ranar kasuwa, Malam Nafi'u ya kafa tubalin masallaci. Babu wanda ya tambayi taska.

Abin ya ishi Chindo. Ya shiga bayan rumfa, ya kifa bokiti a kansa, ya yi ruri a ciki, ya aika. "Kun ji? Dodo ya tashi! Wa za shi hau dutse?"

"Shi jira," in ji Maman. "Shuka aka yi."

"Dodon ga na cin shanu?" Yusha'u ya tambaya.

"Garke guda lomar sahe ta gare shi!"

"To ba mu zuwa can."

Dodo ya ci gaba da zama a kan dutse shi kaɗai, babu mai ko leƙa shi. Zulaiha da ke jin komai ta ce wa mijinta, tunda ƙasa ta fara cika, ya samu ko bayan kwalin shayi ne ya zana inda komai yake. Chindo ya buga ƙirji. "Zane na masu ƙaramin kai na. Kaina shi na taswira."

To, ga wani abu da ya kamata a sani. Daminar bana ta yi wa Dogarawa rowa. Geron Maman na gaske ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, abin da ya girbe bai rufe gindin rumbu ba. Shi kuma Yusha'u, rani ya tilasta masa sayar da shanun da ya fi so. Don haka wasan nan da Chindo ya kafa don neman kirari, su ya zame musu wurin hutun zuciya. Maman ya aiko wa Chindo saƙo a keɓe: "Ranka shi daɗe, ina son gonar da ke gindin babban gawon nan, bakin kogi." Jin "ranka shi daɗe" ya sa kan Chindo ya yi girma. "Na ba ka, har jikokinka!" Daga baya Yusha'u ya biyo da cuku a leda, ya sunkuyo ya raɗa masa, shi ma da "ranka shi daɗe", yana son burtali, hanyar da shanunsa za su bi su sha ruwa, ta gindin babban gawon nan. Chindo ya cika baki da cuku, ya danna waya don a samu shaida: "Na ba ka, har jikokin shanunka!"

Abin haushin, a waya da raɗa kaɗai ake ba shi girman. A tasha, gaban mutane, Chindo Caji ne har yanzu.

Geron Maman na cikin waya ya yi kyau ba kaɗan ba. Kullum da safe sai ya ba da rahoto: an yi noman farko, an yi maimai, ya fid da kai, zangarniya kamar damtsen ɗan dambe. In yana faɗa har muryarsa rawa take yi don daɗi. Ana cikin haka, gab da girbi, sai ga saƙon Yusha'u cikin nishaɗi, har da fito.

"Na koro garkena za mu kogi. Ga mu nan mun biyo ta gindin gawo."

Ba a daɗe ba wayoyi suka ɗauki ƙara.

"Ta INA?" Maman ne. "Wa ya saki gonaki? An yi shela? Gero na tsaye ka turo mini shanu?"

"Burtalina na bi!"

"Burtali cikin gonata?"

"Gonarka cikin burtalina dai!"

Chindo ya ga wuta na neman kama gefen rigarsa, sai ya jawo ikon sarauta. "Ku kwantar da hankali. Shanun ga masu hukahukai na. Tashi sunka yi, sunka tsallake gonar ta sama."

"Kada ka ɓata mini dabbobi," in ji Yusha'u. "Shanuna ba angulaye ba na. Da ƙahwa sunka taka."

"To geron ya sake miƙewa nan take, ya hi da kyau."

"Kada ka maishe ni yaro," in ji Maman. "Geron da saniya ta tattake ba ya tashi. An yi mini ɓarna, kuma sai an duba ta."

Kada mai karatu ya ɗauka sun ruɗe ne. Sarai kowa ya san wasa ne. Maman da bakinsa yake cewa, "Na san babu gonar, amma ai tawa ta." Manomin da zai ji shanu cikin geronsa ya yi shiru, ko a mafarki ne, ba a haife shi a Dogarawa ba.

Magana ta fita daga gurup. Aka yi ta tura saƙonnin daga waya zuwa waya. 'Yan Dogarawa suka goyi bayan gero, 'yan Tajaye suka goyi bayan shanu. A motar haya an ce har wani ya ƙi matsa wa wani wurin zama a kan maganar. Masu neman a sa su a gurup suka yi layi a rumfa, har da waɗanda suka fice da farko. Da mai hankali ne, da ya ga haka sai ya nemi hanyar sulhu a ɓoye. Chindo kuwa gani ya yi ranar da yake jira ta zo.

"Shela! Shela! Ranar kasuwa, da hantsi, Sarki za shi zauna shari'a gaban rumhwa. Kowa shi zo shi ga adalci da idonai!"

Ranar kasuwa ta zo. Chindo ya aro babbar riga wadda ta fi shi tsawo, ya naɗa labulen ɗakin Zulaiha a ka, ya ɗora kujerar roba a kan benci ya hau. Jama'a ta taru har masu lodin siminti sun bar aiki. Zulaiha na can cikin mata, waya a hannu.

Maman bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da Baba Almoustapha, dattijon da maigari ke aikawa duba ɓarna duk lokacin da dabbobi suka shiga gona. Tsohon bai taɓa riƙe waya mai shafawa ba. Aka yi masa bayani cewa gonar a cikin waya take. Ya jinjina kai, ya dogara sandarsa.

"Ko cikin kwalba take, ba a yanke ɓarna daga zaune. Sai an taka gona an gani."

"Baba, ai ni na san..." Chindo ya fara.

"Kai na mai ƙasar?"

"Ni na yi ta da hannuna!"

"To shige gaba, kai mu."

Chindo ya ji daɗin wannan. Ya lumshe ido, ya baza hannuwa. "Ga mu mun hito ta ƙohwar gabas. Kogi na hannunmu na dama..."

"Ƙarya!" Barira ta ɗaga waya. Muryar Chindo ta fito tangaram tana cewa kogi na yamma da gari, bayan kasuwa.

"Kogin ya ƙaura," in ji Chindo.

"In kogi ya ƙaura," in ji Malam Nafi'u, "to masallacina da ka ce yana bakin ruwa, shi ma ya bi shi? Ina alƙiblata yanzu?"

"Masallaci na nan, Malam. Ruwan na, ya yi kwana."

"Ni ka ce mini rumhwar hurata na inuwar dutse," in ji Barira.

"Tana nan."

"Dutsen da dodo ke bisa? Ashe tun tuni gindin dodo ka aje ni ina dama hura?"

Dariya ta ɓarke. Wani ɗan kamasho ya ce shi dai a sauke shi nan, ba zai ƙarasa tafiyar ba. Chindo ya yi ta jan ayari, ya bi da su gabas, ya dawo da su kudu, duk inda ya sa ƙafa sai wata waya ta ƙaryata shi da muryarsa. Rawanin labule ya fara zamewa yana rufe masa ido ɗaya. Baba Almoustapha kuwa yana tsaye, yana ɗaga ƙafa yana saukewa a wuri ɗaya, wai shi tafiya yake yi, kuma fuskarsa babu alamar wasa.

"Mun iso gawon?" ya tambaya.

"Mun iso, Baba."

"Gawo nawa na bakin kogin ga?"

Nan fa ƙofar tsira ta buɗe wa Chindo a wangale. Da ya ce biyu ne, da kowa ya ɗauki nasa an watse lafiya. Amma bakin da ya saba ba ya jin birki.

"Guda na tak! Babu irinai duk duniya. Inuwatai kaɗai ta kai daga nan zuwa Konni!"

"Madalla. Gindinai na wa na?"

Maman ya danna wayarsa: "Na ba ka, har jikokinka!" Yusha'u ya danna tasa: "Na ba ka, har jikokin shanunka!" Wannan na biyun har ana jin taunar cuku a ciki.

Baba Almoustapha ya dubi ƙasa kamar mai ƙidayar karan da aka karya, sannan ya ɗago.

"Na ga ɓarna, kuma babba ta. Amma shanu ba su da laihi, hanyarsu sunka bi. Gero ba shi da laihi, gonarsa yake tsaye. Ɓarna ta wanda ya ba mutum biyu wuri guda ta."

Idanu duka suka juyo kan kujerar roba. Maman da Yusha'u, waɗanda suka zo ba sa ga maciji, suka matso kafaɗa da kafaɗa.

Chindo ya ga babu sauran dabara sai babban makami. Ya miƙe tsaye a kan kujera, ya kai waya baki yana kururuwa.

"Dodo ya sauko! Ya cinye gawo! Ya cinye gero, ya cinye shanu, ya shanye kogi! Ya cinye Baba Almoustapha da sandatai!"

"Ni ga ni nan," in ji tsohon.

"Ni na yi ƙasar ga, ni ka rushe ta! Yanzu zan kore ku duka in ruhe..."

Bai ƙarasa ba ƙafar kujera ta zame daga benci. Jelar rawani ta sarƙe da igiyoyin caji, ya taho ƙasa, tebur ya biyo shi, wayoyin mutane suka yi ta zubo masa a ka ɗaya bayan ɗaya. Sai wata murya daga bayan taro ta ɗaga, kowa na ji:

"Sarki ya hwaɗi! Jama'a, Sarki ya hwaɗi!"

Ga shi dai an kira shi Sarki a bainar jama'a, amma yana kwance cikin ƙasa, ƙafa ɗaya a sama, kasuwa duka na riƙe da ciki. Abin ya yi masa ciwo har cikin rai. Ya lalubo wayarsa don ya cika alkawarin rushe ƙasa. Gurup ya ƙi karɓar saƙonsa. A ƙasan allon an rubuta cewa Zulaiha ta cire shi.

Ya ɗago ya hango ta cikin mata. "Ke? Da hannunki?"

"Kai ka ba ni rawanin, Maigida," in ji ta. "Mutum ya yi noma tun shuka, ana gab da girbi, ka sako mishi dodo? Tashi ka kakkaɓe labulena."

Ƙasar Rana Biyu ba ta rushe ba. Jama'a suka ce dodon da ya sauko bayan an yanke hukunci bai sauko ba, Zulaiha kuma ta ci gaba da jan wasa. Ta matsar da burtali arewa da gawo, aka yi masa shingen ƙaya, ta ce za a yi shelar sakin gonaki bayan an ɗaure dami na ƙarshe. Yusha'u ya yi alkawarin kwana da garkensa a gonar Maman da rani don taki. Mutane suka ƙaru, har daga Illela.

Chindo ya yi fushi, ya daina cin tuwo da yawa, ya ce ko roƙonsa aka yi ba zai koma ba. Babu wanda ya roƙe shi. Da ya gaji, wata safiya ya tsaya bakin madafa yana sosa ƙeya.

"Zulaiha, a maida ni mana. Ko Waziri na."

"An ba Barira."

"Sarkin Yaƙi?"

"Ba mu yaƙi."

"To mi ya rage?"

Ta ce sai ta yi shawara. Da azahar ta kawo amsa. Geron da ya tsira ya nuna, tsuntsaye sun fara sauka, Maman na neman mutum-mutumi da za a kafa tsakiyar gona.

"Aikinka tsayuwa," in ji ta. "Hannuwa a buɗe. Ba ka magana."

"Ko kalma guda?"

"Ka taɓa jin mutum-mutumi ya yi jawabi?"

Chindo ya zagaya tsakar gida, ya zauna, ya tashi, ya ce wannan wulaƙanci ne, sannan ya ce a sa shi.

Washegari Zulaiha ta buɗe wasa: gari ya waye, garken tsuntsaye ya nufo gonar Maman, mutum-mutumi mi za ka yi? Chindo na rumfa. Ya danna waya, ya buɗe baki, jawabai suka taru masa a maƙogwaro har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya haɗiye su. Ya riƙe wayar a haka, yana huci ta hanci, ga ƙarar kamiyo na wucewa, har yatsansa ya gaji, sannan ya saki.

Amsoshi suka fara shigowa. Maman ya ce madalla, ko tsuntsu guda bai sauka ba. Malam Nafi'u ya sa albarka. Barira ta ce ashe dai mutumin yana da baiwa.

Tun da aka kafa ƙasar, wannan ne saƙon Chindo na farko da kowa ya saurara har ƙarshe.